Tukur da Rijiyar Balan

Sau biyu aka ɗaure Tukur kafin ya cika shekara talatin da biyar, kuma duk wanda ya san shi a Toranke a wancan zamani ya sa ran za a yi na uku.

Na farko zuciya ce ta ja masa. Shekara biyu kafin a raba jihohi, da damina ta kankama, ya fita gona ya tarar maƙwabcinsa ya ci kunya uku cikin gonar da ya gada wajen mahaifinsa. Magana ta yi zafi, Tukur ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke wa mutumin a kafaɗa, ƙashi ya karye. Dagaci ya tura su Gaya, alƙali ya yanke masa wata tara. 'Yan doka suka sa shi a mota zuwa birni, ya bar matarsa Larai da goyo, ga gero ko kai bai fara fitarwa ba.

Wata taran nan ba abin da ya yi sai saran ciyawa. Da safe a jera su, a miƙa wa kowa langalanga, a kora su bakin titi ko bayan gidajen ma'aikata. Su sare, ta sake tsirowa, a sake dawo da su. Ranar da babu ciyawa sai a ɗora musu bokitan bayan gida su kai juji. Da yamma a zuba musu gabza, wannan tuwon da ko kare sai ya yi tunani kafin ya ci, a rufe ƙofa. A ɗakin da aka sa shi ya haɗu da wani siririn mutum mai yawan dariya, ana ce masa Ɗantani, daga wajen Wudil. Ɗantani ya sha shiga ya sha fita, ya san kowane gandiroba da halinsa. Shi ya nuna wa Tukur inda ake kwanciya ba a taka mutum, shi ya riƙa gutsura masa goro idan ya samu. Tukur bai taɓa manta wannan ba.

Da ya dawo gida ya tarar gonar ta zama saura. Wansa Inuwa ne ya ciyar da Larai da jaririyarta Hure duk tsawon lokacin, amma gaisuwar da ya yi wa Tukur ba ta wuce kalma uku ba. Aka daina kiransa gayya. In ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi ya ɗan muskuta. Kaza ta ɓace a unguwa, sai a riƙa kallon ƙofar gidansa, alhali ba sata ta kai shi kurkuku ba. Mutane ba sa tambayar abin da ya kai mutum can, sun dai san ya je.

Haka ya yi shekara biyu yana cin rai, har ranar da Ɗantani ya ɓullo Toranke da sabuwar riga da dariyarsa. Shi kaɗai ne a cikin shekarun nan ya zauna da Tukur a tabarma ɗaya ya ci abinci a kwano ɗaya da shi ba tare da ƙyashi ba. Ranar kasuwar Gaya suka tafi tare. Ɗantani ya ce masa ba abin da zai yi sai ya ja wani jaki daga inda ake ɗaure su a gindin tsamiya, ya fita da shi ta bayan gari kamar nasa ne. Tukur ya san abin da ake ciki, bai yi musu ba. Bai yi nisa ba mai jakin ya cim masa da mutane. Ɗantani ya sulale cikin kasuwa. Wannan karon shekara uku aka ba Tukur.

Ana tsakiyar yaƙin basasa lokacin. Gidajen yari sun bar hannun En'e sun koma na gwamnatin tarayya, gandirobobi sun canja kaki, amma gabza tana nan yadda take. Tukur ya shiga da baƙin rai. Cikin wata biyu sau uku ana raba shi faɗa.

Wata safiya aka jera su kamar kullum, sai ga wani gajeren gandiroba mai furfura, Kofur Maiwada, yana bin layi yana cewa kowa ya buɗe tafin hannu. Da ya zo kan Tukur ya kama hannun ya jujjuya.

"Manomi ne kai?"

"Da can, yallaɓai."

"Kana tsoron rami?"

"Ban taɓa shiga ba."

"To yau za ka shiga. Fito."

Ashe Maiwada, kafin ya sa kaki, ya yi shekaru yana bin masu haƙa wa ƙauyuka rijiya. Gidan yarin yana da gona a bayan birni da ke bukatar ruwa, shi ne ya roƙa aka ba shi fursunoni takwas ya koya musu aikin. Kullum da sassafe akan fita da su, da gandiroba ɗaya mai sanda, sai yamma a dawo.

Ranar farko da aka zura Tukur cikin rijiyar, ta riga ta kai gaba shida. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ɗaga kai, ya ga sama ta koma kamar faifai. Ya tsaya yana kallonta, ya kasa fara aiki. Sai ya ji muryar Maiwada daga sama.

"Kai ɗan Toranke! Bar kallon sama, ba can aikinka yake ba. Dubi bangon da ke gabanka. Wane launi ne?"

"Ja ne."

"Damƙo shi ka matse. Ya dunƙule ko ya wargaje?"

"Ya dunƙule."

"To ba zai faɗo maka ba yau. Ɗauki diga."

Da haka aka fara. Maiwada ba mai yawan magana ba ne, amma abin da ya faɗa sau ɗaya ba ya son ya sake. Ya koya musu bambanta jar ƙasa da marmara da rairayin da ke zuba kamar gari, wanda shi ne ke binne mutane. Ya koya musu kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, su zuba zobe mai faɗin rijiyar, su jira ya yi ƙarfi, sannan su zura shi ya tare bango. Ya nuna musu yadda ake rataye dutse da zare a tsakiya don kada rijiya ta karkace. Kowace safiya kafin mutum ya sauka sai an zura fitila a kunne. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, sai an ɗaure ganye a igiya an yi ta kaɗawa tukuna. Abu ɗaya ne yake ɗaga murya a kansa: mai riƙe da igiya ba ya barin bakin rijiya, ko da mahaifinsa ne ya kira shi.

Hannun Tukur ya kama aikin fiye da na kowa. Amma halinsa bai canja rana ɗaya ba. Wata uku da farawa, wani ya ja masa bargo a ɗaki, ya naushe shi har haƙori ya fita. Ya ɗauka bulala za a yi masa, ya ma shirya bayansa. Da safe Maiwada ya zo ɗaukar mutanensa, ya kira bakwai, ya tsallake shi.

"Yallaɓai, ni fa?"

"Kai zauna. Ba na zura mutum ƙarƙashin wanda hannunsa ya fi hankalinsa sauri."

Kwana goma ya yi a tsakar gidan yari yana kallon bango. Da yamma in sauran sun dawo da laka a ƙafa suna hirar inda aka kai, sai ya juya musu baya. Ya sha duka a rayuwarsa, babu wanda ya ci masa rai kamar kwana goman nan. Rana ta goma sha ɗaya ya durƙusa gaban Maiwada. Tsohon ya dube shi ya ce, "Tashi, igiya na jira." Daga ranar har ya fita ba a sake raba shi faɗa ba. Ba wai zuciyar ta daina tashi ba ne; in ta taso sai ya tuna da safiya, ya tuna za a kira sunaye.

Shi ne a ƙasa ranar da rijiyar ta kawo ruwa. Ya sara, ya ji digar ta shige da laushi, sai wani sanyi ya ratso tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya tsaya yana kallo, ruwa ja-ja yana tasowa a hankali yana cika sawun ƙafarsa. Maiwada ya leƙo ya gane. Ya ce, "Kamfata ka sha. Kai ka fara." Tukur ya kamfata da laka da komai ya sha. Rijiya huɗu suka gama kafin wa'adinsa ya cika. Ranar da za a sallame shi, Maiwada ya ba shi wata gajeriyar diga mai tsohuwar ƙota, ya ce tasa ce tun kafin ya shiga aikin gwamnati, ba ta gidan yari ba ce.

Ya iso Toranke ana saura shekara guda a koma tuƙi ta hannun dama. Hure ta yi wayo, da ta gan shi sai ta ɓuya a bayan uwarta. Larai ta kawo masa ruwa, ta zauna nesa kaɗan tana kallon digar.

"Maigida, wannan fa?"

"Sana'a na koyo."

"Allah ya sa ta zaunar da kai."



Sana'ar ba ta samu karɓuwa nan da nan ba. Ya gaya wa dagaci ya iya rijiya mai zobe, wadda ba ta ruftawa ko a ƙasar rairayi irin tasu. Dagaci ya ce madalla, aka bar maganar a nan. Wa zai kawo wanda aka ɗaure kan satar jaki cikin gidansa ya wuni? Ya koma gonarsa. Da rani yakan yashe rijiyar unguwarsu ba tare da kowa ya sa shi ba, ya kwashe tsofaffin gugunan da suka tsinke da laka, mata su yi ta mamakin yadda ruwan ya washe. Godiya dai a bakin Larai ake yi, ba a nasa ba.

Sai shekarar da aka canja kuɗi, ruwan sama ya ɗauke tun gero bai yi ƙwari ba. Kafin tsakiyar rani rijiyoyi suka soma ƙafewa daga Ajingi har Gaya. Mata kan wuni a bakin rijiya suna jiran abin da zai taru ya cika rabin tulu. Waɗanda suka gwada ƙara zurfin tasu, rairayi ya zubo ya cike abin da suka haƙa.

A lokacin ne wani dattijon Bafulatani mai suna Bappa ya yi sallama a ƙofar Tukur. Mutumin Balan ne, ya daɗe da zama yana noma, amma har yanzu yana da shanu. Ƙannensa sun kora masu ƙarfi zuwa kudu neman ruwa, an bar masa tsofaffi da masu shayarwa, ga su suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

"An ce kai ne ka iya rijiyar da ba ta ruftawa."

"An gaya maka inda na koya?"

"An gaya mini. Shanuna dai ba su tambaya ba."

Bappa ya sayar da bijimai biyu ya sayo siminti a Gaya, mutanen unguwarsa suka yi alkawarin tara tsakuwa da yashi, tun da kowa zai sha. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a kan igiya kullum, daga safe har yamma. Tukur ya je wajen Inuwa. Inuwa ya ce yana da abin yi.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Ɗantani ya sake ɓullowa. Ba sabuwar riga wannan karon. Ya rame, yana tari, dariyar ma ta rage. Ya ce watansa guda da fitowa daga kurkuku, duk inda ya je an san shi. Bai nemi gafarar abin da ya faru a kasuwar Gaya ba, Tukur kuma bai tayar ba. Larai ta zuba masa abinci, amma da ta samu mijinta shi kaɗai a bayan ɗaki sai ta tare shi.

"Maigida, mutumin nan shi ya ci mana shekara uku. In ya gama ci ya kama hanya."

"Larai, ni ma wani ne ya duba hannuna ya ce in fito. Da bai yi ba, da yanzu ni ne wannan."

"Kai daban, shi daban."

"Ban sani ba sai na gwada."

Ta kwashe kwanuka da ƙarfi har suna ƙara.

Suka tafi Balan tare. Bappa ya ba su bukka kusa da garkensa. Tukur ya zagaya wurin kwana guda yana duba inda itatuwa suka fi kore, ya zaɓi wani kwari kusa da wata tsohuwar gawo, ya zana da'ira da tsinke, ya yi bisimilla ya sara. Ɗantani kuwa ya ba shi mamaki. Yana jan guga, yana kwaɓa siminti, yana ba masu kawo tsakuwa dariya. Tarin ma ya yi sauƙi, don matar Bappa, Hansai, ba ta fasa aiko musu da fura da ɗan nonon da ya samu. Sati uku suka yi haka, rijiya ta kai gaba goma sha biyu. Tukur har ya fara koya masa matse ƙasa a hannu.

Ranar da abin ya faru, yawancin maza sun tafi kasuwa. Mai unguwa ya zo a kan sabon kekensa ya duba aiki, ya jingine shi a gindin gawo, ya taka zuwa gidan Bappa don su gaisa. Tukur yana ƙasa, ya wuce zobe na ƙarshe da kusan tsayin mutum, ya shiga rairayi. Ya cika guga, Ɗantani ya ja. Ya tsaya yana jiran a dawo da shi. Shiru.

"Ɗantani! Sako guga!"

Muryarsa ta hau ta dawo masa. Ya sake kira. Ya ɗauka ko ya zagaya ne, ya jira. Hasken da ke bakin rijiyar ya gusa daga wannan gefe zuwa wancan. Babu igiya, babu abin takawa, zoben da ke samansa sumul yake. Sai ya ji wani ɗan sauti kamar ana zuba gero a ƙwarya. Rairayi ne ke zubowa daga ƙarƙashin zoben, kaɗan-kaɗan, yana taruwa a kan ƙafarsa.

Ya san in ya yi ta ihu yana dukan bango zai ƙara zubowa. Ya tsaya tsakiya cak. Ya tuɓe rigarsa ya cusa a inda ya fi zuba, ya dafe da tafin hannu. Can ya saki kira ɗaya, ya yi shiru ya saurara, can ya sake. Tun yana jin haushi har haushin ya ƙare, ya koma karanta abin da ya sani na addu'a. Rairayi ya kai masa ƙwauri, ya zare ƙafa ɗaya ya taka sama, ya zare ɗayar. Ya yi tunanin Hure, wadda sai bana ta fara yarda ta zauna kusa da shi.

Sai wajen la'asar Hansai ta zo ɗaukar ƙwaryar fura, ta ji kamar murya daga ƙasa. Ta leƙa, ta saki salati, ta ruga. Ashe duk wannan lokacin mutane suna can sun bazu cikin gonaki suna bin sawun keken mai unguwa da ya ɓace tare da Ɗantani, babu wanda ya yi tunanin leƙa rijiya, don kowa ya ɗauka su biyun suka gudu tare.

Aka zura igiya aka jawo shi. Ya fito jikinsa duk ƙasa, leɓɓansa sun bushe, digarsa a hannu. Kafin ya miƙe sosai mutane sun kewaye shi.

"Ina abokin naka?"

"Tare suka shirya! Wannan ya shiga rami don a ce ba ruwansa!"

"Dama an faɗa, ba a ji ba."

Wani ƙato da ya dawo daga kasuwa ya matso ya kwaɗa masa mari har ya yi taga-taga. Tukur ya ji abin nan da ya sani ya taso masa daga ciki har wuya. Yatsunsa suka ƙara damƙe ƙotar digar. Mutumin yana gabansa, ko taku biyu babu. Aka yi tsit, kowa ya ga hannun. Tukur ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuya ya ajiye digar a ƙasa, ya zauna kusa da ita, ya ce, "A ba ni ruwa in sha."

Hansai ce ta miƙa masa.

Mai unguwa ya ce shi ba zai yanke komai ba, a tafi Gaya. Kwana biyu Tukur ya yi a tsare. Rana ta uku aka kai shi gaban alƙali. Mai unguwa ya faɗi nasa, ya ce mutumin nan shi ya kawo ɓarawon garinsu, kuma shi kansa an taɓa ɗaure shi kan sata. Tukur bai musa ko ɗaya ba. Sai Bappa ya nemi izini.

"Allah gafarta Malam, ni na je har gida na ɗauko shi, na san ko wane ne. Matata ce ta same shi. Da ta makara kaɗan, da gawa za mu tono. Ni dai ban taɓa jin wanda ya shirya sata ya ce a bar shi gaba goma sha biyu a ƙasa, babu igiya, rairayi na zubo masa ba. Laifinsa ɗaya, ya yarda da wanda bai kamata ba. Wannan kuwa ni ma an ce na yi."

Alƙali ya yi wa Hansai tambayoyi ta bakin mijinta, ya tambayi waɗanda suka jawo igiya yadda suka same shi. Ya ce babu shaidar da ta nuna hannun Tukur, a sake shi, a nemi Ɗantani.

Da Tukur ya fito ya ga Inuwa a tsugune a gindin bango da ƙunshin abinci da Larai ta aiko. Suka kama hanyar gida a ƙasa, wan a gaba, ƙanen a baya. Suka yi nisa. Sai Tukur ya ce, "Yaya, ba zan koma Balan ba. Su nemi wani."

Inuwa bai juyo ba. Suka wuce wata gona da karan dawa ya bushe tun bai kai ƙugu ba.

"An ce an mare ka."

"An mare ni."

"An ce da diga a hannunka."

"Haka ne."

Suka ƙara tafiya. Inuwa ya tsaya ya cire ƙaya daga takalminsa, ya daɗe yana dubanta kamar wani abin kallo.

"Rijiyar, in an bar ta haka, me zai faru?"

"In ba a sa zobe biyu cikin kwana uku ba, za ta rufta. Simintin Bappa ya tafi a banza."

"To gobe da sassafe ka biyo mini. Ni zan riƙe igiyar."

Washegari suka isa Balan tun rana ba ta yi zafi ba. Digar tana wajen Bappa, ya adana ta a ɗakinsa. Babu wanda ya ba Tukur haƙuri. Amma tsakuwa ta ci gaba da zuwa, kuma rana ta biyu ya lura wanda ya mare shi yana cikin masu kawowa, yana juyewa yana tafiya ba ya ɗaga kai. Inuwa bai iya aikin ba, hannunsa ya yi kanta ya fashe, sau biyu yana kusan sako guga a kan ƙanensa. Amma ko fitsari zai yi sai ya fara jawo Tukur sama.

Kwana goma sha tara suka ƙara. A gaba ta goma sha bakwai suka fita daga rairayi suka shiga wani farin yumɓu, a ƙarƙashinsa ruwa. Ba mai yawa ba ne da farko, sai da aka kwana ya taru. Bappa ya ce mutane su fara ɗiba, shanu su biyo baya. Rijiyar ta riƙe unguwar har damina ta dawo, ko da yake shanun Bappa huɗu ba su kai ga shan ruwanta ba.

Daga nan kira ya fara zuwa, daga ƙauyukan Gaya, daga Ajingi, har da Toranke kanta a ƙarshe. Wasu in sun kira shi sukan kwashe kayansu daga tsakar gida kafin ya shigo. Yana gani, sai ya kama aikinsa. Wasu kuma sukan ce ya zauna a ci abinci tare. Inuwa ya zama abokin aikinsa na kowane rani. Tukur bai sake tsayawa gaban alƙali ba.

Ɗantani kuwa an kama shi a Wudil bayan wata biyu, yana ƙoƙarin sayar da keken, aka mayar da shi birni. Larai ta ce alhakinsu ne. Tukur ya yi kwanaki abin yana damunsa. Da ya ji wani ɗan garinsu zai shiga birni, ya ba shi ƙullin goro ya kai wa Ɗantani, ya kuma ce ya gaya masa ya nemi wani gandiroba mai suna Maiwada, ya roƙe shi ya sa shi cikin masu rijiya. Mutumin ya dawo bayan sati guda. Ya ce goro ya isa, Ɗantani ya karɓa yana ta godiya. Amma Kofur Maiwada ya yi ritaya ya koma garinsu, ba wanda ya san takamaimai ina ne, kuma tun tafiyarsa ba a sake fita da kowa aikin rijiya ba.

Tukur ya yi wa mutumin godiya, ya shiga gida ya ce wa Larai ta haɗa masa guzuri, don jibi suna da aiki a Ajingi, kuma an ce ƙasar wurin tana da dutse.